Laifin Farko A Amurka: Kafin Yaro Ya Ce "Na Amsa"

 

Yau maganarmu ta tsallaka teku. Da wuya yanzu ka shiga zango ka rasa gidan da ke da ɗa ko ƙane ko suruki a Amurka. Wasu na jan tasi a Niyok, wasu na kai abinci a kan babur, wasu na kasa kaya a bakin titi, 'yan mata na kitso, wasu kuma karatu ya kai su. Ɗan Adam kuwa tara yake bai cika goma ba. Wata rana sai a bugo waya a ce 'yan sanda sun kama wane, wai ya ɗauki abu a kanti bai biya ba, ko an same shi da jakunkunan jabu, ko faɗa ya haɗa shi da wani. Bayan kwana biyu a sake bugowa a ce, "Ku kwantar da hankalinku, an kashe maganar, ba zai je gidan yari ba." Sai a yi hamdala, a yi sadaka, a manta.

To wannan "an kashe maganar" ɗin nake so mu buɗe cikinta. Na ɗan jima ina yi wa mutanenmu tafinta a irin waɗannan wurare, kuma abin da na fi gani shi ne, a can akwai hanya fiye da ɗaya ta kashe magana. Wata tana wanke yaro tas. Wata kuma tana kwanciya shiru shekara da shekaru, sai ranar da ya je neman takarda ta tashi ta tare masa ƙofa.

Mene ne ratse?

Akwai wani tsari da suke kira daibashan. Ni na fi son in kira shi ratse, domin duk wanda ya taɓa bin babbar mota ya san ratse: hanya ta lalace a gaba, sai direba ya kauce ta gefe, ya zagaya ya koma kan kwalta. Mutumin da bai taɓa laifi ba, kuma abin da ake tuhumarsa da shi bai yi muni ba, sai mai gabatar da ƙara ya ce ba sai an kai ga shari'a ba, ga sharuɗɗa. Sharuɗɗan kan zama aikin al'umma na wasu awoyi ba biya, ko halartar wani darasi, ko biyan mai kaya asararsa, ko gwajin ƙwaya. Babban sharaɗin kuwa, kada a sake kama shi cikin wa'adin da aka ɗiba. In ya cika, a kori ƙarar. In ya saɓa, a dawo da shi gaban alƙali.

An fara gwada abin ne a ƙarshen shekarun 1960 a Niyok da birnin Washintan, inda ake haɗa matasan da aka kama da aikin yi maimakon a gurfanar da su. Yau ya bazu ko'ina, kuma nan ne gizo ke saƙa. Amurka jiha 50 ce, kowacce da dokarta, wani lokaci ma kowace gunduma da nata tsarin. Abin da abokinka ya samu a Niyok ba lallai shi ne za a ba ƙanenka a Teksas ba, ko da sunan ya yi kama.

Amfaninsa ba kaɗan ba ne

Kada wani ya ɗauka ina kushe ratse. Tabon laifi a Amurka ba ƙaramin kaya ba ne. Wata malamar jami'a mai suna Devah Pager ta tura samari neman aiki a birnin Milwoki da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wasu za su ce sun taɓa zaman gidan yari. Sakamakon ya fito a 2003. A cikin Turawa, marar tabo an sake kiransa sau 34 cikin 100, mai tabo sau 17. A cikin baƙar fata, marar tabo sau 14, mai tabo sau 5 kacal. Kun ga ke nan, baƙin mutum mai tsabtataccen suna ma bai kamo Bature mai tabo ba, balle kuma ya ƙara da tabon. Haka abin yake wajen neman gidan haya da lasin ɗin sana'a.

Wasu masana tattalin arziki kuma sun bi diddigin mutanen da aka tuhuma da babban laifi karo na farko a gundumar Harris, inda birnin Hiyustan yake a Teksas. A binciken da suka buga a 2021, waɗanda aka ba ratse, cikin shekara 10 komawarsu ga laifi ta ragu da kusan rabi, samun aikinsu kuma ya ƙaru da kusan rabi. Saboda haka ratse alheri ne. Ku dai riƙe sunan Teksas ɗin nan, za mu dawo kansa.

Littafi ba ɗaya ba ne

Mu da ke zaune a ƙasashen renon Faransa mun saba da takardar nan ta kotu da ake nema wajen ɗaukar aiki, wadda ake so kada ta wuce wata 3. Hukuncin alƙali kawai ake rubutawa a ciki. In ba a yanke maka hukunci ba, fara fat za ta fito. Shi ya sa muke ɗauka muddin alƙali bai ɗaure mutum ba, to babu sauran wani rubutu.

A Amurka ku ɗauke shi kamar bashin da aka rubuta a littafi huɗu. Maigida ya soke na shagonsa, amma sauran ukun na nan a hannun wasu.

Littafin farko na 'yan sanda ne. Ranar da aka kama mutum aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, bayanin kan tafi ofishin jiha, ya wuce hukumar FBI, daga nan hukumar shige da fice ma ta gani. Wannan yana faruwa tun kafin a ga alƙali. Sau da yawa kuma labarin kamun na zaune a can ba a rubuta yadda ƙarar ta ƙare ba.

Na biyu na kotu ne. Korar ƙara daban, rufe fayil daban. A Niyok akwai tsarin da ake kira ACD: a ɗage ƙarar wata 6, in ta shafi rikicin iyali shekara 1, in ba a dawo da ita ba ta mutu da kanta, a rufe fayil ɗin, doka kuma ta ce kamar ba a yi kamun ba. A maƙwabciyarta Niyu Jasi kuwa tsarinsu mai suna PTI na iya kai wa wata 36, kuma bayan an kori ƙarar sai an jira wata 6 kafin a iya goge ta. Wanda bai bi sawu ba, sai ya je neman aiki ya tarar sunansa na nan.

Na uku na kamfanoni ne masu sayen bayanan kotu su sayar wa masu ɗaukar aiki da masu gidajen haya. Su ba sa gaggawar gyara littafinsu. Dokar tarayya ta hana su, a yawancin ayyuka, bayar da labarin kamun da bai kai ga hukunci ba in ya wuce shekara 7, amma shekara 7 ai tafiya ce ga saurayin da ke son kafuwa. Mutum na da haƙƙin ya ƙalubalanci rahotonsu in da kuskure, sai dai da takarda a hannu ake yin haka.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafarmu, littafin hukumar shige da fice. Shi ba ya bin dokar jiha, yana da nasa ma'aunin.

Ratse iri biyu ne

A nan nake so Alhaji da Hajiya su gyara zama. Akwai ratsen da ake shiga ba tare da an amsa laifi ba, irin ACD na Niyok. Akwai kuma wanda sai ka fara tsayawa gaban alƙali ka ce "na aikata", ko ka ce ba ka jayayya, ko ka sa hannu a takardar da ta zayyana abin da ka yi, sa'an nan a jingine hukuncin a ba ka wa'adi. In ka cika, a kori ƙarar. Ga ɗan ƙasa, duka biyun hanyar tsira ce. Ga baƙo, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa.

Dalili kuwa, a 1996 majalisar Amurka ta rubuta wa hukumar shige da fice ma'anarta ta "wanda aka samu da laifi". Ko alƙali bai yanke hukunci ba, in abu biyu sun haɗu, shi ke nan. Na ɗaya, mutum ya amsa laifi ko ya amsa bayanan da suka isa a kama shi da laifi. Na biyu, alƙali ya ɗora masa wani horo, ko tara, ko wani sharaɗi da ya tauye masa walwala. In waɗannan sun haɗu, ko jiha ta kori ƙarar, ko ta goge ta daga baya don ya gyara hali, a idon hukumar shige da fice mai laifi ne.

Kun tuna ratsen Teksas da na ce ya taimaki mutane a gundumar Harris? Irin na biyun ne, sai an amsa laifi ake shiga. Maganin da ya warkar da ɗan ƙasa, shi baƙo zai sha ya kwanta. A 2017 hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta duba batun wani ɗan Somaliya mai katin zaman dindindin, wanda ya shiga wani shirin ratse a Teksas kan tuhumar ƙwaya. Bai tsaya ya ce "na amsa laifi" a shari'a ba, amma ya yi rantsuwa a rubuce cewa abin da aka faɗa haka ne, an kuma ɗora masa sharuɗɗa. Hukumar ta ce wannan ya isa. Baki shi ke yanka wuya, a can kuma har da alƙalami.

Kuma kada a raina laifi a ce ai ƙarami ne. Sata da zamba na cikin abin da dokarsu ke ɗauka a matsayin rashin ɗa'a, sayar da kayan jabu ma na iya faɗawa ciki. Ɗaya cikin shekara 5 na farkon shigar mutum ƙasar na iya jawo kora in dokar laifin ta ba da damar ɗaurin shekara 1 ko fiye. Saboda wannan ne a 2019 Niyok ta rage mafi tsawon ɗaurin ƙananan laifuka daga shekara 1 zuwa kwana 364. Kwana ɗaya tak, amma shi ke raba wani da jirgin gida. Maganar ƙwaya ta fi haka tsanani, kusan kowacce na jawo kora, in ban da samun mutum sau ɗaya da wiwi ɗin da bai wuce giram 30 ba na shan kansa. Tun Janairun 2025 kuma akwai dokar da ake kira Laken Riley. Wanda ya shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, kamar masu bi ta iyakar Meziko, kamun sata kaɗai, ko da ɗaukar abu a kanti ne, ya isa a tsare shi ba beli a hannun hukumar shige da fice, tun kafin kotu ta ce komai.

Halinmu na gida da ke cutar da mu a can

Mu an rene mu a kan cewa yaro na ƙwarai shi ne wanda in babba ya tsare shi zai sunkuyar da kai ya ce, "Na yi kuskure, a yi haƙuri." A gaban sarkin zango ko shugaban kasuwa wannan shi ke sanyaya zuciya a kashe wuta. Na sha jin uba ya bugo waya daga gida yana cewa, "Kai dai ka amsa, ka ba su haƙuri a wuce wurin, kada ka ja mana abin kunya." Alhaji, niyyarka mai kyau ce, amma kotun can ba zauren mai unguwa ba ce. Duk abin da ya faɗa rubutawa ake yi, kuma magana zarar bunu ce.

Na biyu, mun saba in rigima ta kai ga hukuma sai a tura dattawa wurin mai ƙara su ba shi baki ya janye. A Amurka ƙarar laifi ba ta mai kanti ba ce, ba kuma ta matar da aka mara ba ce, ta gwamnati ce, mai gabatar da ƙara ne kaɗai ke iya ajiye ta. In alƙali ya ba da takardar hana kusantar mai ƙara, to ko saƙon WhatsApp, ko aiken wani ya je biko a madadinsa, na iya zama sabon laifi, ya rushe ratsen baki ɗaya. Na ga wanda ƙararsa ta kusa mutuwa, gwaggonsa ta kira matar daga gida don ta sasanta su, aka wayi gari yana da tuhuma biyu. Sulhu alheri ne, amma a bi ta hannun lauya.

Na uku shi ne gaggawa. Yaro na jan tasi, kowace ranar kotu asarar kuɗin yini ce, gida kuma ana jiran aike. In aka ce masa "sa hannu nan ka tafi yau", sai ya ga kamar an yi masa gata. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Abin da za ku gaya wa yaro

Da farko, ya yi shiru a hannun 'yan sanda, ban da sunansa, ya ce yana son lauya. Wannan haƙƙinsa ne, ba rashin kunya ba ne. Marar hali kotu na ba shi lauya kyauta. In Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafintan Hausa, kotu ke samarwa. Kada ya ce "yes" a kan abin da bai fahimta ba don jin nauyi.

Na biyu, ya gaya wa lauyansa gaskiyar takardunsa tun ranar farko: biza ce, girin kat ne, neman mafaka yake, ko babu komai. Sirrinsa ne a wurin lauyan. Tun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauya ya sanar da baƙo in amsa laifi zai iya jawo masa kora. Hukuncin ya fito ne a shari'ar Jose Padilla, direban babbar mota ɗan asalin Honduras, wanda ya yi sama da shekara 40 a ƙasar har ya yi musu yaƙin Biyetnam, lauyansa ya ce masa kada ya damu tunda ya daɗe. In mai shekara 40 bai tsira da daɗewa ba, ina ga ɗan shekara 3? A Niyok ofisoshin lauyoyin kyauta irin su Bronx Defenders da Legal Aid Society suna da masana dokar shige da fice a cikin gida, ya nemi a haɗa shi da su.

Na uku, kafin ya sa hannu ya yi tambaya huɗu. Sai na amsa laifi, da baki ko a rubuce, kafin in shiga? Hukumar shige da fice za ta ɗauki wannan a matsayin hukunci? In na gama, fayil ɗin zai rufu da kansa ko sai na nema? In na kasa cika wani sharaɗi, me zai biyo baya? Sau da yawa lauyan da ya san halin da ake ciki na iya roƙon a ba da ratsen da babu amsa laifi a cikinsa, ko a sauya tuhumar zuwa wadda ba ta taɓa takardu. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, muddin wa'adin bai cika ba ƙarar a buɗe take. Hajiya, ko bikin autarki ne, ko Umara, kada ki matsa masa ya taho sai lauya ya ce ba komai. Rashin zuwa kotu rana ɗaya na jawo sammacin kamu, wani kuma ya fita lafiya, a filin jirgi wajen dawowa a tsare shi.

Na biyar, ranar da aka kori ƙarar ya je wurin akawun kotu ya karɓi takardar shaidar yadda ta ƙare, mai hatimi, fiye da kwafi ɗaya, ya ajiye tare da fasfo. Bayan wasu watanni yana iya neman kwafin bayanansa daga FBI a kan dala 18 ya ga abin da ke rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar cike fom

Fom ɗin neman girin kat da na zama ɗan ƙasa suna tambayar ko an taɓa kama ka, ko da an kori ƙarar, ko da an rufe fayil ko an goge. Amsar ita ce e, sa'an nan a miƙa takardar kotu. Wanda aka yi wa ACD kan ɗaukar abu a kanti, ya faɗi gaskiya ya nuna takarda, yana da hanya. Wanda ya ce a'a alhali zanen yatsunsa na gabansu, ya sayi laifin da ya fi na farkon girma, domin ƙarya don samun takarda na iya rufe wa mutum ƙofa har abada.

Wannan ya shafe ku ma da ke gida kuna zuwa sarin kaya ko ganin jikoki. Fom ɗin neman biza na DS-160 yana tambayar ko an taɓa kama ka ko an same ka da laifi, ko da an yi maka afuwa. Bai ce a Amurka kaɗai ba. In yaron kafe ne ke cike maka, kada ka bari ya bi layi yana danna a'a, a'a, ba tare da ya karanta maka ba. Sunanka ne a kai, ba nasa ba.

Iyaye, in irin wannan waya ta zo, kafin faɗa da kafin kuka, a fara da tambayar ko ya sa hannu a wani abu, ko kuma lauyansa ya san matsayin takardunsa. Faɗan yana nan ba zai gudu ba, a yi shi bayan an fita. Yaron da ya san in ya faɗa wa gida za a tsine masa, ɓoyewa zai yi, ya sa hannu shi kaɗai a ɗakin da ba kowa nasa.

A tura wa na can wannan rubutu tun ba a kama kowa ba. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba batun yaran da ba su kai shekara 18 ba, don su nasu tsarin daban ne. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya raba mu da tsautsayi, Ya sa albarka a nema. Wassalam.